A Fara Mayar Mana Da Darenmu

Ranar Laraba, 29 ga watan Maris na shekarar 2006, da hantsi, rana ta mutu a kan garin Jibiya. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin. Tun da sassafe malaminmu na kimiyya ya fito da mu fili, ya raba mana ɓallin kwali da ya huda da allura, ya gargaɗe mu kada wanda ya kuskura ya dubi rana kai tsaye. Ya ce mu juya mata baya, mu bar haskenta ya bi ta hudar ya sauka a kan farar takarda. Muna kallo, ɗan kewayen hasken nan ya soma raguwa kamar ƙosan da aka gatsa. Iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, mata suka ɗauki salati a bayan danga, aka shiga shelar sallar kusufi a masallatai. Sai duhu ya rufe mu har minti uku da ɗoriya, Gamzaki ya fito tsakar hantsi kamar ya yi makuwa. Daga kanmu inuwar ta wuce Nijar, ta keta Chadi da Libiya, ta nufi Turkiyya.

Duhun ya ba ni tsoro, amma wani abu dabam ne ya hana ni barci a daren nan. Mako guda kafin ranar, malamin ya rubuta a allo sa'ar da abin zai soma da sa'ar da zai ƙare, kuma haka aka yi. Washegari na tare shi a bakin ofis na ce, “Malam, yaya aka yi ka sani?” Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Lissafi ne, yaro. Ka dage da shi, kai ma za ka sani.” Wannan amsa ce ta sa yau nake riƙe da alli ina koyar da fiziks a garin da aka haife ni. Na kawo labarin ne domin kada wani ya ce ƙiyayyar ilimin sararin samaniya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ilimin nan shi ya yi mini riga da wando. Abin da nake faɗa da shi wata magana ce mai zaƙi da ake yi da sunansa, wadda ta zama tamkar baiko a bakin masu shirya taruka a manyan otal na birane.

Maganar ita ce wai intanet ta rushe iyaka. Wai yau duk yaron da ke da waya a hannu, ko a Landan yake ko a Magama, sararin sama nasa ne. A tura masa adireshin shiri, ya danna, ya saurari masana, gobe ya zama masani. Ni ɗan bakin iyaka ne, don haka in ana batun iyaka ina da ta cewa. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin Najeriya na tudu, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 a Yamai aka sake datse ta, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. Mun ga manyan motoci sun yi layi a Magama har tayoyinsu suka sace, mun ga 'yan ɗaki ɗaya, ɗaya a nan ɗaya a Ɗan Isa, suna satar hanya ta gonaki don su halarci jana'izar junansu. Wanda ya ga wannan ya san iyaka ba ta rushewa da jawabi. Ya kuma san ta fi guda: akwai ta kwastan, akwai ta wutar lantarki, akwai ta harshe, akwai ta tsoro. Waya ba ta tsallake ko ɗaya daga cikin ukun ƙarshe.

Adalci ya wajaba in faɗi abin da shirye-shiryen nan suka iya, domin suna da abin yabo. Tun 2006 akwai wani shiri mai suna IASC da aka kafa a wata jami'a a jihar Texas ta Amurka. Ana ɗaukar hotunan yanki guda na sama sau da dama a jere da babban madubin hangen nesa na Pan-STARRS da ke tsibirin Hawai, a aika wa ƙungiyoyin ɗalibai a ƙasashe daban-daban. Ɗalibi ya ɗora hotunan a manhajar kwamfuta, ya sa su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya da sauri. Taurari na nesa suna nan daram a inda suke. In ya ga wani ɗigo yana matsawa a miƙe, to mai yiwuwa dutse ne daga cikin duwatsun da ke kewaya rana, sai ya auna matsayinsa ya aika rahoto. A 2007 kuma aka buɗe Galaxy Zoo, inda gama-garin mutane ke taya masana rarrabe hotunan gungun taurari, har wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan, Hanny van Arkel, ta hango wani gajimare mai haske da masana ba su taɓa lura da shi ba, yau da sunanta ake kiran sa. Wannan aiki ne na haƙiƙa, kuma yaron da ya same shi ya sami alheri. Tambayata ɗaya ce: wane yaro ne ke samun sa?

Bari in amsa da abin da ya faru a gabana. A damina ta 2021 na shigar da ɗalibaina huɗu, maza uku da mace ɗaya, cikin wani shiri na daban wanda ba zan kama sunansa ba. Darasi ne ta bidiyo sau ɗaya a mako, da aikin gida da ake turawa, da alkawarin takardar shaida a ƙarshe. Kwamfutata guda muke taruwa a kanta. Mai cajin waya na bakin tasha ke cika mana batir, ni ke sayen data daga albashina. Yarinyar 'yar wani mai shayi ce, sai da na je har teburinsa sau biyu kafin ya amince. Ya ce, “Malam, na yarda da kai. Amma kafin la'asar sakaliya ta kasance a gida.” Darussan kuwa da daddare ake yin su, domin agogon masu shirin aka bi, don haka sai mu sauke bidiyon mu kalla washegari, ina tsayar da shi kowane minti biyu ina fassara. Duk da haka yarinyar nan ta fi kowa. Ita ce ta fara gane cewa Zara matar wata da muke gani da magariba da Gamzaki na asuba abu guda ne, duniyar Zuhura ce, wani lokaci tana bin rana a baya, wani lokaci tana riga ta fitowa. Ranar da ta gane haka ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Malam, ashe mun raba mutum ɗaya biyu, mun ba rabi sunan mace rabi na namiji.”

A watan Satumba na shekarar aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, a ƙoƙarin gwamnati na toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Fiye da wata uku wayoyinmu suka zama fitila da rediyo. Mai son magana da ɗan'uwansa sai ya yi tafiyar kusan kilomita hamsin zuwa Katsina, ko ya matsa bakin iyaka ya laluba sabis ɗin Nijar. Ba zan iya ɗaukar 'ya'yan mutane in bi hanyar da manya ke bi da addu'a a baki ba. Da sabis ya dawo, abin da na fara samu a akwatin saƙona wasiƙa ce da na'ura ta rubuta, mai cewa an cire ƙungiyarmu saboda rashin halarta, tare da fatan za mu ƙara himma a karo na gaba. Himma! Na karanta kalmar nan sau uku.

A nan cutar take, kuma ta fi ƙarfin wasiƙa guda. Shirin da aka gina a kan zaton kowa na da wuta da sabis da kwamfuta da Turanci, in yaro ya faɗi, ba ya ganin ramin da yaron ya faɗa. Abin da yake gani suna ne da ya daina bayyana. Rahoton ƙarshen shekara zai ƙirga waɗanda suka yi rajista, ya lissafa ƙasashen da aka taɓa, a zana taswira a shafa wa Najeriya launi tun daga Legas har Magama. Masu ba da kuɗi su tafa. Wanda ya dubi sunayen da suka kammala kuwa, in ya ga babu ɗan Arewa, sai ya yanke hukuncin da aka saba yanke mana: ba su da sha'awar kimiyya. Ta haka kayan aikin da aka ce zai daidaita mutane yake zama sabuwar hujjar raina su. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Mu an miƙo mana igiya da guga, aka manta ba a tambaya ko akwai rijiya ba, sannan aka ɗora mana laifin ƙishirwa.

Abin takaicin shi ne, in batun sama ake, mu ne masu arziki. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurarin nan da Larabawa ke kira Majarra, saboda hasken fitilun birane ya disashe musu sama. A Arewacin Amurka kusan mutum 80 cikin 100 ne. Mu rashin wuta ya bar mana ita kyauta. Ƙari a kan haka, Jibiya tana kusan daraja 13 arewa da tsakiyar duniya. Daga nan ana ganin tauraron arewa ƙasa-ƙasa a saman itatuwa, a juya kudu kuma a ga taurarin da ɗan Landan ba zai taɓa gani daga ƙofar gidansu ba, har da Alfa Sentauri, maƙwabciyar rana, wadda haskenta ke shafe shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso idonmu. Yaron Turai hoton wannan sama yake saya. Namu a kansa take kwana.

To me ya hana shi ɗaga kai? Dare rigar mugu, in ji magabata, amma ba su taɓa nufin a sallama wa mugu daren gaba ɗaya ba. Da muna yara, farin wata sha kallo ne: dandali, gaɗa, tatsuniya, tsofaffi a kan tabarma suna nuna mana Kaza da 'Ya'yanta. Yau a ƙauyukanmu da yawa, magariba na yi ake ja ƙyaure, wasu ma a daji suke kwana don gudun a riske su a ɗaki. Wanda ya haska tocila a fili ya kira wa kansa abin da ba ya so. A daren 11 ga Disamba na 2020 aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka kora yara fiye da 300 cikin daji. A lura da sunan makarantar. Waɗannan su ne ainihin yaran da ake cewa ana so a zaburar su zama masana kimiyya. Sun riga sun zaburu, iyayensu sun riga sun sallama su. An sako su bayan kusan mako guda, amma kowane uba a jihar nan ya karanta darasin. Duk wanda zai yi wa matashin Katsina wa'azin taurari bai ce uffan a kan wannan ba, to yana yi wa mai ciwon ido tallar madubi ne.

Kada 'yan'uwana na gida su yi murna da wuri, domin alƙalamin nan baki biyu gare shi. Akwai masu cewa, tun da haka ne, a bar zancen taurari sai ciki ya cika. Wai wasan 'ya'yan masu kuɗi ne. Akwai kuma masu jin kalmar taurari sai su tuna da boka da ƙasa da duba, su ce hanyar ɓata ce. Dukansu sun jahilci gidansu. Manomin da ya ƙi yin shuka da ruwan farko har sai ya tambayi malami wane tauraro ake ciki, da me yake aiki? Malamanmu na zaure sun daɗe suna raba shekara zuwa manzili 28, kowanne kwana 13, guda ɗaya 14, jimla 365. Suna ambaton Surayya da Dabaran da Zira'a da Jabha kamar yadda suke ambaton sunayen 'ya'yansu. Wannan kalanda ce ta rana da ido ya gina, kuma a kanta aka ciyar da ƙasar Hausa ƙarnuka. Duban jinjirin wata da kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke jagoranta, da lokutan salla, da alƙibla, duk falaki ne. Mu a nan mun fi kowa sanin nauyinsa, domin akwai shekarun da ake hawan idi a Maraɗi mu muna riƙe da azumi, alhali wata ɗaya muke duba. Bambancin falaki da duba a fili yake: mai duba yana da'awar sanin abin da zai sami mutum, mai falaki yana auna tafiyar halittun da Allah ya sa wa ƙa'ida, kuma in ya yi kuskure kowa zai gani.

In ana son shaida daga tarihi, ba sai an je nesa ba. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ɗan ƙasar nan ne, masanin lissafi da ilimin taurari. Ya yi karatu a nan yankin, ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a kan hatimai, wato jadawalin lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, wanda masu tarihin lissafi ke nazari har gobe. Ya zauna a Alƙahira ya koyar, ya rasu a can a 1741 a gidan malami Hasan al-Jabarti. Kusan shekara 300 da suka wuce, Bakatsine ne ke koyar da Misirawa lissafi. Bai sami intanet ba. Abin da ya samu malami ne da ya zaunar da shi, da hanya mai aminci da ayari ke bi, da dare da zai iya zama a cikinsa. Abubuwan nan uku su ne muka rasa, kuma su ne ba a saukewa daga waya. Saboda haka mai cewa ilimin nan baƙo ne a wurinmu, da mai cewa shi ne ya kawo mana shi ta waya, ƙarya ɗaya suke yi daga fuska biyu.

Sai batun da ya fi damuna, wato alkawarin aiki. Ana gaya wa matashi ya yi mafarki babba. To, ya yi mafarkin, ina tsanin? Tsakanin bidiyon da ya burge shi da kujerar jami'a akwai matakai da ba a nunawa a bidiyo. Sai ya ci lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci a jarrabawar kammala sakandare, a makarantun da da yawansu ɗakin gwaje-gwajensu suna ne kawai, inda malami guda ke ɗauke da darussa uku. Sai ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, alhali wani ranar ce zai fara taɓa madannai. Sai iyayensa sun iya ɗaukar nauyinsa. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999. An harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, a 2003. A 2011 aka harba NigeriaSat-X wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila. Akwai cibiyar binciken falaki a Nsukka. Duk gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma kujerun masana taurari kaɗan ne a ko'ina cikin duniya, kuma rashin gaya wa yaro haka yaudara ce. Zaburar da matashi a bar shi ba tsani ya fi barin sa cikin barci ciwo, domin wanda bai taɓa hango ba bai san ya rasa ba. Ɗaya daga cikin yarana ukun nan yau fetur yake ɗauka a babur yana bin hanyoyin daji zuwa tsallake. In mun haɗu yakan sunkuyar da kai, ni ma haka.

Gaskiyar da ya kamata a gaya musu ta fi ƙaryar daɗi. Taurari ƙofa ce. Yaron da ya koyi auna kusurwa, da rubuta abin da ya gani ba abin da yake so ya gani ba, da zargin sakamakonsa kafin wani ya zarge shi, ya sami sana'ar da za ta ci da shi ko bai ƙara duban sama ba. Layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, yana buƙatar masu safiyo da injiniyoyi. Madatsar ruwan Jibiya tana buƙatar masu sanin ruwa da ƙasa. Manomanmu suna buƙatar mai karanta hotunan tauraron ɗan'adam ya gaya musu halin damina. Asibitocinmu suna buƙatar masu sarrafa na'urar ɗaukar hoto. In ba mu raini waɗannan a gida ba, jirgin zai wuce ta gabanmu, 'ya'yanmu suna tallar ruwa a tasha.

Ba zan yi suka in tafi ba tare da na ajiye abin da nake nema ba. Na farko, a nufi malami kafin ɗalibi. Waya takan mutu, sabis yakan ɗauke, amma malamin da aka horar yana nan shekara talatin, ɗaruruwan yara suna bi ta hannunsa. Na biyu, duk shirin da zai shigo yanki irin namu a gina shi yadda zai rayu ba sabis: darasi a katin ajiya, manhaja irin Stellarium da ke nuna taswirar sama ba tare da intanet ba, faifan sola guda, ƙaramin madubin hangen nesa guda a kowace makaranta. Da madubin da bai kai na kasuwar yau ba Galileo ya ga watanni huɗu na Mushtari a 1610. Reshen Najeriya na ƙungiyar Astronomers Without Borders ya nuna ana iyawa, domin da ƙafa suke zuwa wurin yaran sansanonin 'yan gudun hijira, da madubi a hannu. Na uku, a yi darasin da Hausa. Harshen da ke da Zara da Gamzaki da tauraruwa mai wutsiya ba zai gaza ɗaukar sauran ba, kuma Hausa ce kaɗai za ta haɗa ɗalibin Jibiya mai karatu da Turanci da na Maraɗi mai karatu da Faransanci a kan tabarma guda. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi, duk suna kusa da za su iya wannan aiki in sun so. Na huɗu, a sauya ma'auni. A daina gaya mana mutum nawa suka danna. A gaya mana yara nawa suka ci lissafi da fiziks bayan shekara biyu, mata nawa ne a cikinsu, daga wace ƙaramar hukuma.

Na biyar na gwamnati ne, kuma shi ne uwa uba: a mayar mana da darenmu. Babu ƙungiyar waje da za ta yi mana wannan. Ranar da uba a Jibiya zai bar 'yarsa ta zauna a filin makaranta bayan isha'i tana duban zoben Zuhal, ran nan an yi wa kimiyya hidimar da ta fi taro dubu.

Kafin ran nan ta zo, ba mu zauna ba. Rana ma tauraruwa ce, kuma ita ba a hana mu ganin ta ba tukuna. Sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, takan tsaya daidai tsakar kanmu da azahar har sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa. Sau biyu kuma takan tsaya a saman Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogonmu, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27. A wannan minti duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar sanda kuma tana kwance a kan layinta. Kowace shekara nakan fito da ajina fili da sanda da zare da dutse a ƙarshensa, mu ja layi a ƙasa.

A watan Mayun da ya wuce, ina tsaka da kafa sandar, sai ga 'yar mai shayin nan ta shigo. Ba ta sami jami'a ba. Sau biyu ta zauna jarrabawa, makinta ya isa, kuɗi bai isa ba. Yanzu tana karatun koyarwa, tana kuma taimakawa a wata firamare a unguwarsu. Ta zo da yara goma sha biyu a bayanta, kowanne da karan dawa a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Malam, a ba mu gefe guda na filin.” Na ba su. Da ƙarfe goma da kwata ya gota, na ji wani ɗan ƙaramin yaro a cikinsu, mai riga har gwiwa, yana jan mayafinta yana tambaya, “Malama, yaya aka yi kika sani?” Ban jira na ji amsarta ba, na koma wurin sandata, domin saura minti biyu.